Tarihin Alhaji Malcolm X: Daga Kurkuku Zuwa Dutsen Arfa

A cikin shugabannin Baƙar fata na ƙasar Amurka waɗanda suka yi fafutukar ƙwato wa mutanensu haƙƙi, da wuya a sami wanda fim ya taɓa rayuwarsa kamar Malcolm X, wanda daga baya aka san shi da Alhaji Malik El-Shabazz. Fim ɗin da ake nufi a nan shi ne irin wanda ake ɗaukar mutane da al'amura yadda suka faru ba tare da wasan kwaikwayo ba, kamar majigin da akan nuna a ƙofar fada a da. Irin wannan fim ne ya fara nuna fuskarsa ga jama'ar Amurka a cikin 1959, kuma irinsa ne ya sa hukuma ta sake duba shari'ar kisansa bayan shekara 55 da rasuwarsa. Shekara 39 kacal ya yi a duniya, amma a cikinsu ya ɗanɗana maraici, ya yi sata, ya yi zaman kurkuku, ya yi wa'azi, ya sauke farali, har ya tako Ikko da Badun, inda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suke neman abincinsu.

ASALINSA DA MARAICINSA

An haife shi ran 19 ga watan Mayu, 1925, a garin Omaha cikin jihar Nebraska, aka raɗa masa suna Malcolm Little. Mahaifinsa, Earl Little, mai wa'azin Kirista ne na ɗarikar Baftis, mahaifiyarsa kuwa, Louise, mutuniyar tsibirin Grenada ce. Dukkansu biyu mabiya Marcus Garvey ne, mutumin Jamaika nan da ya yi ta kiran Baƙar fata su dogara da kansu, su kuma yi alfahari da asalinsu na Afirka. Wannan ra'ayi ya jawo wa gidan baƙin jini wurin Turawa masu wariyar launin fata, har ta kai ga sun yi ƙaura zuwa Milwaukee, daga can kuma zuwa Lansing ta jihar Michigan. A can ma ba su sha ruwan sanyi ba, domin a cikin 1929 gidansu ya ƙone ƙurmus.

Cikin watan Satumba na 1931 aka tsinci mahaifin a kan dogo, taragon lantarki mai yawo cikin gari ya taka shi. Hukuma ta rubuta cewa haɗari ne, amma iyalin sun tafi a kan wata ƙungiyar Turawa masu ƙin Baƙar fata ce ta kashe shi. Wani kamfanin inshora kuma ya ƙi biyan kuɗin da ke kansa, wai shi ya kashe kansa. Malcolm yana da shekara 6 a lokacin. Uwar ta yi ta fama da 'ya'ya ga talauci ga matsin jami'an ba da agaji, har hankalinta ya taɓu, aka kai ta asibitin masu taɓin hankali na Kalamazoo, inda ta shafe kimanin shekara 24. Aka rarraba yaran gidajen riƙo.

Duk da haka yaron ya nuna ƙwazo a makaranta a garin Mason, har 'yan ajinsu, waɗanda kusan dukkansu Turawa ne, suka zaɓe shi shugaban aji. Wata rana ya gaya wa malaminsa yana son zama lauya, sai malamin ya nuna masa cewa wannan buri ya fi ƙarfin Baƙar fata, gara ya koyi kafinta. Daga nan karatu ya fita ransa. A cikin 1941 ya koma birnin Boston wurin yayarsa Ella, wadda suke uba ɗaya.

RAYUWAR BARIKI DA KURKUKU

Birni ya karɓe shi da irin karɓar da yakan yi wa yaron da ba mai tsawata masa. Ya fara da aikin shushaina a wani gidan rawa, sa'an nan ya sami aikin sayar da abinci a cikin jirgin ƙasa, wanda ya kai shi unguwar Harlem ta birnin Niyu Yok. A can ya shiga caca da sayar da wiwi da sauran harkokin 'yan iska, aka laƙaba masa suna Detroit Red saboda jan gashinsa. Da ƙasa ta yi masa zafi ya koma Boston, ya haɗa 'yar ƙungiya suna fasa gidajen masu kuɗi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A cikin Janairu 1946 ya je karɓar wani agogon sata da ya kai gyara, 'yan sanda suka cafke shi. Aka yanke masa ɗaurin shekara 8 zuwa 10, alhali bai cika 21 ba.

A kurkukun ne ya sadu da wani fursuna mai yawan karatu, wanda ya nuna masa cewa magana mai hujja tana sa a saurari mutum ko da ba ya riƙe da makami. Malcolm ya kama karatu gadan-gadan. Ya ɗauki ƙamus yana kwafe shi shafi bayan shafi don ya gyara rubutunsa ya kuma ƙara sanin kalmomi. Sa'ad da aka mai da shi kurkukun Norfolk a cikin 1948, ya tarar da babban ɗakin karatu da kuma ƙungiyar muhawara, inda ya fara koyon tsayawa gaban jama'a. A wannan lokaci ne 'yan'uwansa suka riƙa rubuto masa labarin wata ƙungiya mai suna Nation of Islam, watau Al'ummar Musulunci, wadda Elijah Muhammad yake shugabanta daga birnin Shikago.

Ya kamata mai karatu ya san irin wannan ƙungiya tun da wuri. Wani mutum mai suna Wallace Fard ya kafa ta a Detroit cikin 1930. Ta hana mabiyanta giya da caca da zina da naman alade, ta koya musu tsabta da sana'a da riƙon iyali, kuma ta tsamo dubban mutane daga shaye-shaye. Amma aƙidarta ta saɓa wa Musulunci ƙwarai, domin tana koyar da cewa Fard ɗin nan Allah ne ya bayyana a siffar mutum, Elijah Muhammad manzonsa ne, Turawa kuwa shaiɗanu ne tun daga halitta. Ga wanda aka ƙone gidansu, aka watsa iyalinsu, wannan magana ta ƙarshe ba ta yi wuyar shiga ba. Malcolm ya karɓa hannu biyu.

MAI WA'AZIN HARLEM

An yi masa sakin talala a cikin Agusta 1952. Ya tafi Shikago ya gana da Elijah Muhammad, ya yar da sunan Little, wanda ya ce sunan ubangijin bayi ne, ya ɗauki harafin X a madadin sunan kakanninsa na Afirka wanda bauta ta ɓatar. Cikin ɗan lokaci ya zama mataimakin limami a Detroit, ya kafa reshe a Boston, ya ƙarfafa na Philadelphia, a cikin 1954 kuma aka ba shi masallaci na 7 a Harlem. Dogo ne siriri mai tabarau, ba ya wasa da lokaci, ga kaifin harshe. A shekarun da ya yi yana wannan aiki ƙungiyar ta tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubbai masu yawa.

Abin da ya fara sa mutanen Harlem suka san shi ya faru ne a cikin Afrilu 1957. 'Yan sanda sun yi wa wani ɗan ƙungiyar dukan kawo wuƙa har suka fasa masa kai, suka kulle shi. Malcolm ya zo caji ofis da mutanensa suka yi sahu a kan titi, jama'a kuma suka yi ta taruwa a bayansu, ya dage sai an kai mutumin asibiti. Da buƙata ta biya sai ya ɗaga hannu kawai, taron ya watse ba hayaniya. Wannan ya firgita manyan 'yan sanda, suka ƙara sa masa ido. A cikin Janairu 1958 ya auri Betty Sanders, ma'aikaciyar jinya, wadda ta haifa masa 'ya'ya mata 6.

Cikin watan Yuli na 1959 wani gidan talabijin na Niyu Yok ya nuna fim mai kashi 5 a kan ƙungiyar, mai suna The Hate That Hate Produced, ma'ana ƙiyayyar da ƙiyayya ta haifa. 'Yan jarida biyu suka shirya shi, Mike Wallace, Bature, da Louis Lomax, Baƙar fata, wanda shi aka yarda ya shiga tarurrukan ƙungiyar da na'urar ɗaukar hoto. An shirya fim ɗin ne yadda zai tsorata masu kallo, kuma ya tsorata su. Amma ya haifar da abin da masu shi ba su zata ba. Baƙaƙen da ke cunkushe a unguwannin talakawa na biranen arewacin Amurka suka ga wani nasu tsaf cikin kwat yana faɗa wa Bature abin da su suke faɗa a ɗaka. Masu shiga ƙungiyar suka ƙaru, jami'o'i da gidajen rediyo da talabijin kuma suka shiga gayyatar Malcolm muhawara. Ya ƙware wajen ba da amsa gajeriya mai kama zuciya, irin wadda ɗan jarida ba ya iya yankewa. Sai dai wannan suna da ya yi ya fara haifar masa da hassada a cikin gida.

SAƁANINSA DA DOKTA KING

A waɗannan shekaru Dokta Martin Luther King ne ke jan ragamar fafutuka a kudancin Amurka, inda doka ta raba Baƙi da Fari a makaranta da mota da gidan abinci. Hanyar King ita ce zanga-zangar lumana, a doke ka kada ka rama, har kunya ta kama azzalumi, a sauya doka. Malcolm ya ƙi wannan. A ganinsa duk wanda hukuma ta kasa kare shi yana da haƙƙin kare kansa, kuma maimakon roƙon a zauna tare da Turawa, gara Baƙar fata su mallaki kasuwanninsu da makarantunsu. Ya yi wa babban gangamin Washington na Agusta 1963 ba'a, ya ce gwamnati ce ta tsara shi.

Amma akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Mutanen King ne ake duka, ake sakar musu karnuka, ake ɗaurewa, ƙungiyarsa kuwa ta hana mabiyanta shiga siyasa ko zanga-zanga. Mutane suka fara cewa Musulmin Elijah sai baki. A cikin Afrilu 1962 'yan sanda suka harbi 'yan ƙungiyar a bakin masallacinsu na Los Angeles, suka kashe ɗaya mai suna Ronald Stokes. Malcolm ya so a ɗauki mataki mai ƙarfi, shugaban ya hana. Bayan wannan kuma ya tabbatar da jita-jitar da ake yi cewa Elijah Muhammad ya haifi 'ya'ya da wasu 'yan matan da ke yi masa aikin sakatare, alhali ana korar ƙananan mabiya saboda irin wannan laifi. Wannan ya girgiza shi matuƙa, domin ya ɗauki mutumin tamkar uba.

Da aka kashe Shugaba Kennedy a cikin Nuwamba 1963, Elijah ya umarci limamansa su yi shiru. Ran 1 ga Disamba aka tambayi Malcolm a wurin wani taro, sai ya nuna cewa tashin hankalin da Amurka ta shuka ne ya dawo mata gida. Aka dakatar da shi daga magana kwana 90. Kafin wa'adin ya cika ya gane ba za a mai da shi ba. Ran 8 ga Maris, 1964, ya ba da sanarwar ficewarsa. Abokinsa ɗan dambe Cassius Clay, wanda bai daɗe da zama zakaran duniya ba, ya zaɓi zama tare da Elijah, aka ba shi suna Muhammad Ali, ya juya wa Malcolm baya, abin da ya yi nadama a kansa daga baya. Ran 26 ga wannan wata Malcolm da King suka haɗu a ginin majalisar dokoki a Washington, inda ake muhawara kan dokar daidaita haƙƙin 'yan ƙasa. Suka gaisa, aka ɗauki hoto. Ganinsu na farko ke nan, kuma shi ne na ƙarshe.

HAJJI DA ZIYARAR AFIRKA

Cikin Afrilu 1964 ya kama hanyar Makka da kuɗin da yayarsa Ella ta ba shi. A Jidda aka tsare shi, domin ga fasfo na Amurka, ga shi ba ya jin Larabci, sai an tabbatar da Musuluncinsa. Iyalin Abdurrahman Azzam, wanda ya taɓa zama babban sakataren Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, suka tsaya masa har aka ba shi izini, Yarima Faisal kuma, wanda ya zama sarki a ƙarshen shekarar, ya mai da shi baƙon gwamnati. Abin da ya gani a Mina da Arfa ya rushe koyarwar da ya shekara 12 yana yaɗawa. Ya ci abinci kwano ɗaya, ya kwana tabarma ɗaya, ya yi salla sahu ɗaya da mutanen da fatarsu ta fi ta Turawan Amurka fari, bai ga raini a idonsu ba. Ya rubuta wasiƙu gida yana bayyana cewa ya daina yi wa kowane jinsi kuɗin goro, daga yanzu halin mutum zai duba. Wannan bai sa ya sassauta wa zaluncin da ake yi a Amurka ba ko kaɗan. Daga nan ya zama Alhaji Malik El-Shabazz, mabiyin Sunna.

Daga ƙasa mai tsarki ya bi ta Beirut da Alƙahira ya sauka Ikko a farkon watan Mayu. Ran 8 ga wata ya yi lacca a zauren Trenchard na Jami'ar Badun, inda ya gaya wa ɗalibai halin da 'yan'uwansu suke ciki a Amurka, ya kuma nemi ƙasashen Afirka masu 'yanci su sa baki. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya ta karɓe shi a matsayin ɗanta, aka ba shi sunan Yarabanci, Omowale, watau ɗa ya dawo gida. Ya riƙa ambaton wannan suna da alfahari har ƙarshen ransa. Daga Nijeriya ya wuce Gana ya gana da Shugaba Kwame Nkrumah, sa'an nan ya bi ta Laberiya da Senegal da Maroko da Aljeriya ya koma gida ran 21 ga Mayu.

A ƙarshen Yuni ya kafa wata ƙungiya ta haɗa kan Baƙaƙen Amurka, wadda ya kwaikwayo sunanta da tsarinta daga Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, kuma ƙofarta a buɗe take ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A cikin Yuli ya halarci taron shugabannin Afirka a Alƙahira a matsayin ɗan kallo, ya miƙa musu takarda yana roƙon su kai ƙarar Amurka gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar yadda ake kai ƙarar Afirka ta Kudu. Dabararsa ita ce, muddin ana kiran matsalar ta cikin gida, to sai abin da gwamnatin Amurka ta ga dama, amma in ta zama maganar haƙƙin ɗan Adam, duniya duka tana da ta cewa. Babu ƙasar da ta kai ƙarar, domin yawancinsu sababbi ne masu bukatar taimakon Amurka, amma yunƙurin ya dami gwamnatin Amurka ƙwarai. Ya zauna a Afirka har Nuwamba, ya gana da Gamal Abdul Nasser da Julius Nyerere da Jomo Kenyatta da Sekou Toure, ya kuma sake zuwa Nijeriya ya gana da Shugaba Nnamdi Azikiwe. Ran 3 ga Disamba ya yi muhawara a Jami'ar Oxford ta Ingila, gidan talabijin na BBC ya ɗauka, kuma hoton yana nan har yau.

KWANAKIN ƘARSHE

Ya dawo ya tarar da wuta tana ci. Jaridar tsohuwar ƙungiyarsa tana kiransa munafuki maci amana wanda ya cancanci mutuwa, ƙungiyar ta kai shi kotu tana neman gidan da yake ciki, ana bin sa da mota, ana yi masa barazana ta waya. Hukumar 'yan sandan ciki ta tarayya, watau FBI, da 'yan sandan Niyu Yok suna da 'yan rahoto a ɓangarorin biyu, sun kuma san abin da ake ƙullawa. Ran 4 ga Fabrairu, 1965, ya je garin Selma a jihar Alabama, inda King yake tsare saboda fafutukar neman 'yancin jefa ƙuri'a. Ya yi wa matasa jawabi, ya kuma nuna wa matar King cewa ya zo ne don ya sauƙaƙa wa mijinta, domin in Turawa suka ga irinsa, za su gwammace su saurari King. Ran 9 ga wata Faransa ta hana shi shiga ƙasarta. Ran 14 ga wata da tsakar dare aka jefa wa gidansa kwalaben fetur masu wuta, shi da matarsa mai juna biyu da 'ya'yansu 4 suka tsira da kayan barci.

Ran Lahadi 21 ga Fabrairu, 1965, ya hau dandamali a zauren Audubon a gaban mutane kimanin 400, matarsa da 'ya'yansa suna zaune a gaba. Ya yi sallama ke nan sai hayaniya ta tashi a tsakiyar taro, masu gadinsa suka juya can. Wani ya matso da bindigar farauta da aka datse bakinta ya harbe shi a ƙirji, wasu biyu suka biyo da ƙananan bindigogi. Likita ya ƙirga raunin harsashi 21 a jikinsa. Ɗaya daga cikin masu gadin da ya durƙusa yana hura masa numfashi, daga baya aka gane ɗan sandan ciki ne. Dubban mutane suka yi layi don yi masa ban kwana. Wani malami mutumin Sudan, Shehu Ahmad Hassoun, ya yi masa wanka da likkafani, aka binne shi ran 27 ga Fabrairu a maƙabartar Ferncliff, inda abokansa suka karɓi shebur daga hannun ma'aikata suka rufe kabarin da kansu. Bayan 'yan watanni matarsa ta haifi tagwaye mata.

SHARI'AR DA FIM YA TONO

Mutum ɗaya aka kama a wurin, Talmadge Hayer, wanda aka harba a ƙafa jama'a suka tare shi. Daga baya 'yan sanda suka kamo wasu biyu daga masallacin Harlem, waɗanda aka sani daga baya da Muhammad Aziz da Khalil Islam. A gaban kotu Hayer ya amsa laifinsa, ya kuma rantse cewa waɗannan biyu ba su da hannu. Ba a saurare shi ba, a cikin Maris 1966 aka same su duka uku da laifi, aka yi musu ɗaurin rai da rai. A cikin 1977 da 1978 Hayer ya rubuta takardun rantsuwa ya ambaci abokan aikinsa 4, 'yan reshen ƙungiyar na jihar New Jersey, amma alƙali ya ƙi sake shari'ar. Aziz ya fito a 1985, Islam a 1987, kowannensu ya shafe kimanin shekara 20 a ɗaure.

A halin nan kuwa sunan mamacin sai ƙara girma yake yi. Littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya shibta wa marubuci Alex Haley, ya fito a ƙarshen 1965. A cikin 1972 aka fito da fim mai sunansa wanda Arnold Perl ya tsara daga hotunan jawabansa na ainihi, har ya shiga takarar lambar Oscar. Henry Hampton, Baƙar fata mai shirya finafinai a Boston, ya fito da Eyes on the Prize a 1987 da 1990, fim mai tsawon awa 14 a kan dukan fafutukar, kuma kashi na biyu ya buɗe ne da labarin Malcolm. A 1992 Spike Lee ya yi wasan kwaikwayon rayuwarsa, Denzel Washington ya fito a matsayinsa, Nelson Mandela kuma ya bayyana a ƙarshen fim ɗin. A 1994 Orlando Bagwell ya shirya Make It Plain, inda 'yan'uwansa na jini da abokansa suka ba da labari da bakinsu. Ta wannan hanya waɗanda aka haifa bayan rasuwarsa suka ji muryarsa da kunnensu, suka auna shi da kansu maimakon dogara ga abin da jaridun zamaninsa suka rubuta.

Cikin Fabrairu 2020 kamfanin Netflix ya nuna fim mai kashi 6, Who Killed Malcolm X?, watau wa ya kashe Malcolm X. Fim ɗin ya bi sawun Abdur-Rahman Muhammad, wani mai yi wa baƙi jagora a Washington wanda ya shafe shekaru yana tona takardun shari'ar. Ya nuna raunin shaidar da aka ɗaure mutanen biyu da ita, ya kuma nuna cewa wanda ake zargi da harbin farko ya yi zamansa a Newark har ya mutu a 2018 ba a taɓa gurfanar da shi ba. Babban lauya mai gabatar da ƙara na Manhattan, Cyrus Vance, ya sa aka sake bincike na wata 22, aka gano cewa FBI da 'yan sanda sun ɓoye bayanan da za su iya wanke mutanen. Ran 18 ga Nuwamba, 2021, kotu ta soke hukuncin. Aziz yana da shekara 83 a ranar. Khalil Islam kuwa ya riga ya rasu tun 2009 da tambarin kisan kai a kansa. A 2022 birnin Niyu Yok da gwamnatin jihar suka amince su biya diyyar dala miliyan 36, a cikin Nuwamba 2024 kuma wasu daga cikin 'ya'yan Malcolm suka shigar da ƙarar hukumomin tsaro suna zarginsu da hannu a kisan mahaifinsu.

Ita ma ƙungiyar da ya bari ba ta zauna yadda take ba. Da Elijah Muhammad ya mutu a 1975, ɗansa Warith Deen Mohammed ya gaje shi, ya ja mafi yawan mabiya zuwa ga Musuluncin Sunna, watau hanyar da Malcolm ya riga su bi, ko da yake Louis Farrakhan ya sake farfaɗo da tsohuwar ƙungiyar daga baya. Masallacin Harlem da aka kore shi daga cikinsa aka sa masa suna Masallacin Malcolm Shabazz, kuma kusa da shi akwai kasuwa mai wannan suna inda 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suke baje kayansu. Matarsa, Dokta Betty Shabazz, ta riƙe 'ya'yan 6 ita kaɗai, ta yi karatu har ta sami digirin dokta, ta rasu a 1997, aka binne ta tare da mijinta. Allah ya ji ƙansu, ya gafarta musu, amin.